Gashaka-Gumti: Kwana a Tanti, Hawa Dutse da Ƙafa

Shirinmu na yau zai kai mu kudu maso gabashin jihar Taraba, kan iyakar Najeriya da Kamaru, inda gandun dajin Gashaka-Gumti yake.

A ƙasar Hausa idan ka ce za ka ɗauki jaka ka hau dutse, tambayar farko da za a yi maka ita ce, me ka ajiye a can? In ba farauta ba ce, ba itace ba, ba neman magani ba, sai a fara yi maka kallon wanda ke buƙatar addu'a. Shi ya sa aka daɗe ana barin wa Turawa wannan harka, su taso daga uwa duniya su kwana a dajinmu, mu kuwa ko sunan wurin ba mu iya faɗa daidai ba.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma a shekarar 1991 aka haɗe gandu biyu, Gashaka da Gumti, suka zama guda. Ɓangaren Gumti da ke arewa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Gashaka kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu, kuma a nan ne Chappal Waddi yake, wanda wasu ke kira Gangirwal, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419.

Tafiyar daga Serti take farawa, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali za ta Gembu. Nan hedikwatar gandun take, nan ake karɓar izini, a biya kuɗin shiga, a haɗa ka da jami'in gandun daji da zai yi maka jagora. Kada wani ya ce ai shi jarumi ne, zai shiga shi kaɗai. Doka ba ta yarda ba, hankali ma bai yarda ba. Jami'in nan ya san mashigin kowane rafi, ya san sawun ɓauna, yana jin Fulatanci, kuma da ya dubi sama zai gaya maka ko a tsaya ko a ci gaba.

Lokacin zuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika su batse, hanya ta zama taɓo, babur ma sai an ɗaga shi.

Kusa da ƙauyen Gashaka akwai kangon sansanin sojan Jamus, domin wannan yanki yana cikin Kamarun da Jamusawa suka mulka kafin yaƙin duniya na farko. Sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, ya shigo Najeriya a matsayin Lardin Sardauna. Daga ƙauyen, tafiyar wasu sa'o'i a ƙafa za ta kai ka Kwano, cikin kurmi, inda masana suka kafa sansanin nazarin birai a shekarar 2000 ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan. Abin da ya kawo su shi ne cimfanzi, babban birin nan marar wutsiya, irin wanda ba a samu sai a Najeriya da Kamaru. Masanan sun gano cewa birin nan yakan gyara tsinke ya zura a rami ya lakato zuma, ya kuma kamo kwarkwasa da shi ya ci. Sai dai kada ka sa rai da ganinsa. Yana da kunya ƙwarai. Galibi ihunsa za ka ji daga nesa, ko jagora ya nuna maka shimfiɗar ganyen da ya kwana a kai a saman bishiya. Goggon biri kuwa, shi ne zai zo nemanka, musamman in ka bar buhun abinci a buɗe.

To, batun kwana. Tanti ake kafawa, a wuri mai ɗan tudu, ba a bakin ruwa ba, don dorina da kada ba su san baƙo ba. Kafin ka shimfiɗa tabarma ka haska ƙasa da tocila, domin kwarkwasar da biri ke ci, in layinta ya bi ta tantinka, kai za ka bar mata wurin. Ruwan rafi a tafasa shi. Guzuri mai sauƙin ɗauka ake so, irin su garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino. Wuta kuwa a kashe ta ƙurmus kafin a tashi, don ciyawar rani ba ta jiran a roƙe ta. Leda da gwangwani, yadda ka shigo da su haka za ka fita da su.

Hawan Chappal Waddi aikin kwanaki ne, ko an taso daga Gashaka ko an ɓullo ta tsaunin Mambila, wajen Nguroje. Akan ɗauki 'yan dako daga ƙauyuka, kuma a biya su haƙƙinsu da kyau, don su ne ke ɗauke da rabin wahalar. Matasa masu ji da ƙarfi su ne kan fara sarewa, saboda suna fara hawa da gudu. Sannu ba ta hana zuwa. Kana hawa zafi yana raguwa, kurmi yana ja baya, har ka fito fili mai ciyawa da iska mai kaɗawa, inda Fulani ke kiwon shanu a wuraren da aka keɓe musu cikin gandun. Wanda ya raina sanyin can ya tafi ba bargo, da asuba ko alwala sai ya yi shawara da zuciyarsa.

Abin da ya fi tsaya wa mai lura a rai shi ne ruwa. Duk inda kurmi ya maƙale a kwazazzabo, za ka ga ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin itatuwa ko da tsakiyar rani. Waɗannan ƙananan ƙoramu ne ke haɗuwa su zama Mayo Kam da 'yan uwansa, su faɗa kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Masunci da manomin rani da ke can ƙasa, waɗanda ba su taɓa jin sunan Chappal Waddi ba, da ruwansa suke cin abinci.

Kuma dajin yana shan matsi. Akwai mafarauta, akwai masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, akwai masu sarar madobiya, itacen da 'yan katako a Taraba ke kira Madrid, ana lodinsa zuwa China. Jami'an gandun sun rasa rayuka wajen kare dajin. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandayen daji ta ƙasa, ana horar da masu gadi, ana ɗaukar matasan ƙauyukan yankin aiki. Kuɗin shigar da baƙo ya biya, da ladan ɗan dako, da cinikin mai shayi a Serti, suna cikin abin da ke sa mutumin yankin ya ga itace a tsaye ma yana da amfani.

Mai niyyar zuwa ya tuntuɓi ofishin gandun a Serti tun kafin ya baro gida, ya tambayi halin tsaro da halin hanya a wannan makon, kada ya dogara da labarin bara.