Kifi Bai San Tsadar Gashi Ba

A ƙasashen da ke da koguna masu sanyi, irin su Ingila da Sikotilan da Norwe da arewacin Amurka, akwai wata hanyar kamun kifi da ba a sa tana ko guntun nama a ƙugiya. Mai fatsa yakan zauna a gida tun kafin lokacin kamu ya zo, ya maƙala ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe da ke riƙe ta gam, ya ɗauko zare da ulu da gashin tsuntsu ya riƙa naɗawa har abin ya fito da siffar ƙwaro, ga jiki, ga fiffike, ga jela. Wasu ƙwarin ba su wuce milimita 6 ba. Saboda rashin nauyinsu ba sa jefuwa da kansu, igiyar ce ake yi mai nauyi, mutum ya kaɗa ta gaba da baya a iska har ta miƙe ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali. Kifin tirawut da ke laɓe a ƙasa yana jiran ƙwarin da ruwa ke kawowa sai ya taso ya cafke. Ɗaura waɗannan ƙwari ya zama sana'a ga wasu, ya zama abin sha'awa ga dubban mutane, har suna aika wa juna aikin hannunsu. Hujjojin da ke ƙasa sun nuna cewa amfanin ƙwaron fatsa yana ga hannun da ya ɗaura shi da idon da ya san kogi, kuma al'adar musaya ce ke kare wannan, yayin da cinikin gashi mai tsada ke jan harkar zuwa ɓarna.

Tarihin abin da kansa ya fara da kayan arha. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wanda ya rayu wajajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara guda biyu, kuma kifi yana faɗawa. A 1496 an buga wani ɗan littafin kamun kifi a Ingila wanda ya jero ƙwari 12, kowanne da watan da ya dace da shi, kayan haɗinsu ulu ne da siliki da gashin tsuntsayen da ke kusa da gida. Ƙwaron da ake kira Adams, wanda Leonard Halladay ya ƙirƙira a jihar Michigan a 1922, har yau yana cikin akwatin kusan duk mai fatsar tirawut a Amurka, alhali gashin zakara ne da ɗan gashin dabba mai ruwan toka. Wanda ya fi duka burge ni shi ne na Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a kudancin Ingila. Shi ko zare bai sa ba. Siririyar wayar jan ƙarfe ce kawai da 'yan silin gashin jelar wani tsuntsun daji da maharban ƙasar ke harbewa da yawa. Sawyer ya shafe shekaru yana leƙen 'ya'yan ƙwari a cikin ruwa, ya lura cewa idan suna iyo sukan manne ƙafafunsu a jiki, don haka bai yi wa nasa ƙafafu ba, wayar kuma ta ba shi nauyin da zai nutse da sauri ya isa inda kifi yake. Abin da kifi ke dubawa ke nan: girma, da siffa, da launi, da yadda abin ke tafiya a ruwa.

A ƙarni na 19 ne al'amari ya canja salo, kuma ba kifi ne ya nemi canjin ba. Daular Birtaniya ta miƙe ƙafa zuwa ko'ina, jiragen ruwa suna sauke fatun tsuntsaye a Landan saboda matan zamanin suna ado da gashinsu a kan malafa. Masu hannu da shuni da ke hayar kogunan Sikotilan don kamun kifin salmon suka tsoma hannu cikin wannan haja. Ƙwaro guda kamar Jock Scott, wanda ya fito wajajen 1850, yana cin gashin tsuntsaye iri-iri daga Indiya da Kudancin Amurka da Afirka, har da na zabo. George Kelson ya buga littafinsa The Salmon Fly a 1895 da ɗaruruwan haɗe-haɗe, yana dagewa cewa kifin na bambance wannan gashi da wancan. Sai dai akwai wani abu da ya rushe maganar tun daga tushe. Salmon na tekun Atlantika idan ya baro teku ya hau kogi don ya yi ƙwai, ba ya cin abinci. Yana kai wa ƙwaro cafka ne saboda wani dalili dabam, fushi ko tsohuwar ɗabi'a, kuma zai kai wa na gashin kurege da aka rina kamar yadda zai kai wa na tsuntsun da aka ɗauko daga dajin Amazon. Shi ya sa a ƙarni na 20 masu shiga ruwa da gaske suka koma ga ƙwari masu sauƙi na gashin dabbobi, suka bar na Kelson ga masu sa su a gilashi su rataye a bango.

Inda son gashin asali ke kai mutum ya fito fili a watan Yunin 2009. Wani matashi Ba'amurke ɗan shekara 20, Edwin Rist, wanda ke koyon busa sarewa a wata babbar makarantar kiɗa a Landan kuma ya riga ya yi suna wajen ɗaura ƙwarin salmon irin na da, ya fasa tagar gidan adana halittu da ke garin Tring da daddare. Ya cika akwati da fatun tsuntsaye 299, cikinsu har da waɗanda masani Alfred Russel Wallace ya tattaro daga tsibiran da ke Indunisiya ta yau tsakanin 1854 da 1862. Ya riƙa fige su yana sayarwa ta intanet, 'yan gasu kaɗan a ƙaramar leda. Sai a Nuwamban 2010 aka kama shi. An samu tsuntsaye 174 a ɗakinsa ba a fige su ba, amma 102 ne kawai ke ɗauke da 'yar takardar da ake ɗaura musu a ƙafa. Kotu ta yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 12, daga baya ta umarce shi ya biya fam 125,150. Wannan 'yar takarda ita ce asarar da ta fi ciwo, domin ita ke faɗin inda aka samo tsuntsun da ranar da aka samo shi. Da irin waɗannan tsofaffin kaya na gidajen adana halittu ne masana suka gano cewa maganin ƙwari na DDT yana sa kaurin ɓawon ƙwan tsuntsaye ya ragu, da su ne kuma suka auna yadda sinadarin makuri ke ƙaruwa a teku. Tsuntsun da aka yanke wa takarda ya tashi daga shaida ya koma tulin gashi. Rist kuwa bai yi sata don ya kama kifi ba. Ya yi ne don ya san akwai masu saye da ba za su tambaye shi daga ina ba, kamar yadda Kirk Wallace Johnson ya bi diddigi a littafinsa The Feather Thief na 2018.

A gefe guda kuma ga musaya, wadda tsarinta ya yi kama da adashe, sai dai ita kowa rana ɗaya yake kwasa. Mutum goma sha biyu, misali, za su amince da juna, ɗaya ya zama madugu. Shi zai faɗi irin ƙwaron da ake so, na saman ruwa ko mai nutsewa, ya yanke ranar rufewa. Kowa ya zaɓi samfuri ɗaya ya ɗaura shi sau goma sha biyu, ya soka wa kowanne 'yar takarda a bakin ƙugiya mai ɗauke da sunansa da sunan ƙwaron da kayan da aka haɗa, ya jera su a ɗan gwangwani don kada fiffikensu ya lotse, ya aika wa madugu tare da kuɗin maido da saƙo. Madugu ya baje su a tebur ya rarraba, kowa ya samu ɗaya daga hannun kowa. Babu farashi a nan, kuma wannan ne sirrin abin. Wanda zai ɗaura ƙwaro goma sha biyu ya bayar kyauta ba zai nemi gashin da ake sayarwa da tsada ba, zai nemi na zakara da agwagwa da zomo. Abin da zai yi tinƙaho da shi shi ne goma sha biyun nan su fito iri ɗaya, kan kowanne ƙarami, ƙullin zare ba ya warwarewa. Duk wanda ya taɓa maimaita aiki guda sau da yawa a jere ya san nan hannu ke faɗawa. Mai karɓa kuma yana samun abin da hoto ba ya bayarwa: ya juya ƙwaron a tafin hannu, ya ƙirga naɗin gashi, in ya ga dama ya sa reza ya farke shi ya ga yadda aka fara.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, tunda ana sayar da ƙwari da araha a shaguna. Gaskiya ne suna da araha, amma ya kamata a san dalilin arahar. Babu injin da ke ɗaura ƙwaron fatsa, duk wanda ka gani hannun mutum ne ya yi shi. Yawancin na shagunan Turai da Amurka daga Kenya da Tailan da Siri Lanka suke fitowa, inda ma'aikata ke zama suna ɗaurawa dozin-dozin kan ɗan ladan da ba za a karɓa ba a ƙasashen masu sayen. Da yawansu gwanaye ne, kuma sana'ar na ciyar da gidaje, ba abin rainawa ba ce. Amma mai ɗaurawa a Kenya yana bin samfurin da aka aiko masa ne, bai taɓa ganin rafin da za a jefa ƙwaron ba. Shi kuwa wanda ya lura cewa ƙwarin rafinsu sun fi na littafi duhu kaɗan, ko sun fi ƙanƙanta a ƙarshen bazara, yakan gyara nasa ya dace da su, kuma ta musaya ne wannan gyara ke isa ga wani. Kamfani ba ya ɗaukar samfuri sai ya riga ya karɓu a hannun irin waɗannan mutane.

Ƙorafin da ya fi nauyi daga masu ɗaura ƙwarin ado yake fitowa. Suna cewa su ba kifi suke nema ba, fasaha ce ta tarihi suke rayawa, kuma Jock Scott da aka yi da gashin talotalo rinanne ba Jock Scott ba ne. Sukan ƙara da cewa gashin da suke amfani da shi daga tsofaffin malafu da tsuntsayen ado na ƙarni na 19 suke samo shi, waɗanda suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu, to wa aka cuta? Rabin maganar tana da gaskiya. Ɗaurin ƙwaro yana iya zama fasaha mai zaman kanta. Megan Boyd ta garin Brora a Sikotilan ta yi rayuwarta tana ɗaura ƙwarin salmon har aka ba ta lambar girma a 1971, alhali ita ba ta kamun kifi. Amma tsohon gashi ƙarewa yake yi, masu nema kuma ƙaruwa suke. Duk sanda aka saya da tsada, farashi ya hau, kuma da zarar an fige gashi daga jiki babu mai iya rantsewa cewa daga malafa ya fito ba daga gidan adana halittu ko daga daji ba. Da sunan tsohon kaya Rist ya sayar da nasa. Akwai ma hanyar da aka gwada ta yi aiki. Babban tujen gabashi da kudancin Afirka yana cikin tsuntsayen da tsofaffin littattafai suka ce a sa gashinsu, har farashinsa ya fara jan hankalin masu harbi. Sai gidajen namun daji na Amurka suka riƙa tattara gashin da tujensu ke zubarwa da kansu, ana raba wa masu ɗauri kyauta. Wanda ya samu a banza ba zai je ya saya a ɓoye ba.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka sa a gwangwanin musaya halal ne. Doka ba ta duba ko sayarwa aka yi ko kyauta. Yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washington a 1973 ta shafi gashi ɗaya kamar yadda ta shafi tsuntsu mai rai, kuma zakaran dajin Indiya, wanda gashin wuyansa ke da ɗigo mai sheƙi da ake sa wa ƙwari a gefe kamar ido, yana cikin jerinta. Tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini. A Amurka kuma wata doka ta 1918 ta hana riƙe gashin yawancin tsuntsayen ƙasar ko da a ƙasa mutum ya tsinta. Don haka musayar da ke tsallaka iyakokin ƙasashe tana iya jefa madugu cikin rigima da jami'an kwastan bai ji ba bai gani ba. Kariyar da musaya ke da ita a nan ita ce waccan 'yar takarda da ke bakin ƙugiya, wadda ke tilasta wa kowa ya rubuta abin da ya sa, mutum goma sha ɗaya su karanta. Madugun da ya san aikinsa yakan faɗi tun ranar farko cewa gashin tsuntsayen gida da rinanne kawai zai karɓa, duk gwangwanin da ya saɓa kuma ya mayar wa mai shi ba tare da ya shiga rabo ba.