Tayar ’yan yawon duniya a kan titin Sara: kafin ka biya kuɗin haƙora, lissafa kwaltarka

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ya san irin bidiyon nan: ƙaton babur, akwatuna dama da hagu, mahayi cikin hular kwano yana keta rairayi, ƙura na tashi a bayansa. Abin da ya fi ɗaukar ido a jikin babur ɗin shi ne tayar, mai manya-manyan haƙora kamar ta tarakta. Yanzu wannan sha’awa ta iso mana har gida. Saurayi zai sayi Boxer ko TVS, kafin ma ya gama biyan bashin da ya ci, ya fara cigiyar taya mai haƙora don mashin ɗin ya yi “kama da na waje”. Kamfanonin ma sun gano lagonmu, shi ya sa Bajaj ya fito da Boxer X, TVS kuma da HLX 150X, masu ɗagaggen madigadi da siffar shiga daji.

Ba laifi ba ne mutum ya so abinsa ya yi kyau. Sai dai taya ba sitika ba ce. Duk nauyinka da na babur da na wanda ka goya, da birkinka da kwanarka, suna kan wurare biyu ne kacal inda roba ta taɓa ƙasa, kowanne bai wuce tafin hannu ba. A ƙaramin babur ma bai kai ba.

To bari mu yi lissafi irin na gida. Ɗauki matashin da ke zaune a Sara. Ina yake zuwa a mako? Birnin Kudu, ko don makaranta, ko banki, ko dubiya a asibitin tarayya. Gwaram, sakatariya ko wajen ’yan’uwa. Wani lokaci ya miƙa har Dutse. Duk wannan kwalta ce, ko da akwai ramuka. Burji da yashi sai in zai shiga ƙauye ɗaurin aure, ko ya leƙa gona, ko ya ratsa lungunan cikin gari. In ya zauna ya ƙirga tsakaninsa da Allah, zai tarar a kowace kilomita 10 da ya yi, 8 ko 9 a kan kwalta ya yi su. Amma sai ya je ya sayi tayar da aka ƙera domin ragowar 1 ko 2 ɗin.

Masu ƙera tayoyin manyan babura na yawon duniya sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke tallata kayansu da lambobi irin 90/10, 80/20 da 50/50. Lambar farko kason kwalta ce, ta biyu kason ƙasa. Michelin, misali, yana da Anakee Adventure da ake lissafa ta a 80/20, yana kuma da Anakee Wild mai haƙora sosai da ake kira 50/50. Continental na da TKC 80 don ƙasa, da TKC 70 wadda ta fi karkata ga titi. Babu wata hukuma da ke auna waɗannan lambobi, kowane kamfani ne ke yi wa kayansa kirari, amma tunanin da ke bayansu daidai ne: ka fara tambayar kanka ina kake bi, sannan ka tambayi mai shago.

Kuma abin dariyar, su kansu ’yan yawon duniyar da muke kwaikwayo, mafi yawan tafiyarsu a kan titi take. Ka tuna Kunle Adeyanju, wanda ya taso daga Landan a watan Afrilun 2022 ya iso Legas a ƙarshen Mayu, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan-inna? Honda CB500X ya hau, babur ɗin da aka ƙera shi da titi a rai. Ya ratso Maroko da Muritaniya da Senegal da Mali, kuma hanyar da ke ratsa Sahara ta gefen teku shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce. Wurin da aka sha wuya a yashi shi ake yankowa a sa a bidiyo, don shi ne ke jawo kallo. Ba wanda zai zauna ya kalli awa shida na miƙaƙƙen titi.

Me haƙoran suke yi ne? A ƙasa mai laushi, yashi ko taɓo, suna nutsewa su kama, kamar yadda kofaton doki ke yi. Ratar da ke tsakaninsu kuma tana ba laka hanyar fita, kada ta liƙe tayar ta koma sulɓi. Wannan aiki ne na gaske, ba ado ba. Amma kwalta ba ta nutsuwa. A kanta haƙoran ba su da abin cizo, sai kawai su tsaya a sama, kuma duk inda rata take, babu roba a wurin. Ke nan wannan ɗan tafin hannun da kake dogaro da shi ya ƙara raguwa. Ga shi haƙoran suna lanƙwashewa idan ka kwanta a kwana ko ka matse birki, shi ne za ka ji babur na yi maka wani irin rawa a ƙarƙashi. Lanƙwashewar nan tana haifar da zafi, zafi kuma yana cin roba. Cikin watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da kwalta ke ƙona tafin ƙafa, taya mai haƙora tana narkewa kamar sabulu a ruwa. Ta baya takan cinye ta tsakiya ta yi faɗi, ta gaba kuma haƙoranta su ci ta gefe ɗaya su koma kamar bakin zarto. Daga nan sai gurnani da karkarwa a hannu, ka yi ta zargin bakanike.

Ga kuma mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mai babur ya koma malamin lissafi. Tayar da ke lanƙwashewa tana gurnani ƙarfin inji take sha, ƙarfin inji kuma fetur ne. Ba zai bayyana a tafiya ɗaya ba, amma ɗan acaɓan da ke zirga-zirga daga safe zuwa magariba zai ji shi a aljihu.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan farko. Wata da watanni ƙura da ɗigon baƙin mai da dizal na manyan motoci suna taruwa a kan titi. Ranar da yayyafi ya sauka, sai su haɗu su zama wani siririn santsi da ido ba ya gani. A irin wannan rana kana buƙatar duk robar da za ka iya samu a ƙasa. Ka ɗauka kana tahowa daga Birnin Kudu, akuya ta faɗo titi, ko tirela ta ci burki a gabanka. Bambancin tsayawa da rashin tsayawa taku kaɗan ne, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta tayar titi ta fi mai manyan haƙora tsayawa da wuri. Galibin baburanmu ba su da na’urar da ke hana taya kullewa in an danne birki. Kai ne, da yatsunka, da tayar.

Kada a ce na yi wa masu haƙora rashin adalci. Akwai wanda ita ce daidai da shi, ba ma ja. Wanda gidansa ke can cikin ƙauye, sai ya yi doguwar tafiya a burji kafin ya ga kwalta. Manomin fadama. Ma’aikacin lafiya da ke kai rigakafi rugage cikin Agusta. Mai sayo hatsi daga ƙauyuka yana fitowa da shi bakin hanya. Waɗannan in ka ba su tayar titi lumui, ka cuce su, don za su wuni suna tura babur a caɓi. Wasu ma dabara suke yi: su sa mai haƙora da damina, kaka na yi su cire su adana ta a inuwa. In aljihu zai ɗauka, wannan hikima ce.

Ga sauranmu, ’yan kwalta masu ɗan leƙa burji, akwai ta tsakiya. Za ka gane ta da ido: faffaɗan zane a jere kusa da kusa, tsakiyarta kusan a haɗe, ramukan suna da zurfi amma ba su da faɗi, gefenta kuma a zagaye yake ba a tsaye kamar bulo ba. Tana riƙe titi, kuma busasshen burji ba ya gagararta. A zurfin yashi za ta yi ɗan wutsil-wutsil, gaskiya ne, sai ka rage gudu ka bi a sannu. Minti biyar na haƙuri ne a mako, ba kwana shida na kasada ba.

Amma fa, in ka tsaya a zanen taya kaɗai, ka bar babban abu. Rubutun da ke gefenta ya fi zanen muhimmanci, kuma shi ne ba mai karantawa.

Fara da girma. Za ka ga wani abu kamar 2.75-17 ko 3.00-17, ko 3.00-18. Lambar ƙarshe girman wili ce da inci, ta farko faɗin taya. Abin da kamfani ya sa wa babur ɗinka, shi za ka maimaita. Yayin nan na cusa ƙatuwar taya a baya don mashin ya yi ƙiba, wallahi asara ce. Siririn wili yana matse faffaɗar taya ta yi tsini, robar da ke taɓa ƙasa ba ta ƙaru ba, wani lokaci ma sai ta riƙa gogar sarƙa.

Sai lambar lodi da harafin gudu, misali 50P. Lamba 50 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 190, harafin P kuma gudun kilomita 150 a awa. Da L ce, 120. Da J ce, 100. Gudun ba shi ne damuwarmu ba. Lodin ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Sara ranar da take ci ya ga babur ɗauke da buhu biyu na masara ko gero, direba ya koma kan tanki. Buhu ɗaya wajen kilo 100 ne. Babur ɗin kansa ya haura kilo 100, ga direba, kuma mafi yawan nauyin a tayar baya yake sauka. Yi jimillar da kanka. In aikinka ke nan, nemi mai lambar lodi babba da 6PR ko 8PR a jiki, wato mai ƙarfin gini, ka manta da batun kyau.

Na uku, ranar haihuwarta. Nemi lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta yi tauri, musamman wadda ta sha rana a rataye a ƙofar shago. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa shekara huɗu daga ranar ƙira ne wa’adin taya. Sabuwa fil a leda tana iya zama tsohuwa. Murza gefenta da yatsa, in ka ga ƙananan tsaga kamar faso, ajiye masa abinsa.

Dalilin da ya sa dole mu zama masu sa ido shi ne kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa. Michelin ya rufe masana’antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008. Tun daga nan kasuwa ta koma hannun masu shigo da kaya, nagari da mugu. Akwai sanannun sunaye irin MRF da CEAT na Indiya, da Kenda da CST, akwai kuma waɗanda sunansu ya yi kama da waɗannan da bambancin harafi ɗaya. Hukumar SON ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don rage kuɗin dako, abin da ke lalata ƙarfen bakin taya tun kafin ta hau wili. In bakin ya lanƙwashe ko ya yi gora, kada ka saya ko da rabin kuɗi ne.

Sannan iska, wadda kusan kyauta ce amma ita ke kashe taya fiye da komai. Mai faci zai buga ta da ɗan yatsa ko sifana ya ce ta yi. Ba ta yi ba sai geji ya faɗa. Ƙananan babura yawanci suna son wajen 25 a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon goyo, amma duba littafin naka ko ’yar takardar da ke manne kusa da sarƙa. A auna da safe kafin tayar ta yi zafi. In iska ta yi kaɗan, tayar na zafi, rami kuma ya sa wili ya tsinke tub. In ta yi yawa, tsakiya kaɗai ke taɓa ƙasa, babur ya riƙa tsalle. Masu rage iska don ratsa yashi suna da gaskiya, matsalar ita ce mantawa a mayar in an hau titi.

Ranar da za a ɗaura maka sabuwa, tsaya a kan mai facin. Yawancin tayoyi suna da kibiya a gefe da ke nuna inda za su juya, kuma ana ɗaura su a juye fiye da yadda kake zato. Ta gaba daban, ta baya daban, kada a musanya. Sayi sabon tub tare da ita, don tsohon ya riga ya saki, zai naɗe a ciki ya fashe. In wilinka mai sifok ne, kada wani ya ruɗe ka da tubles ba tare da tub ba, iska za ta bi ramukan sifok ta fice. Ka sa ya nuna maka alamar TWI a gefen tayar, da ɗan tudun da ke cikin ramin zane daidai wurin: ranar da zanen ya suɗe ya yi daidai da tudun nan, tayar ta gama aiki. Kuma sabuwar taya tana da santsi a fatarta, don haka kilomita 100 na farko a bi kwana a hankali, ko da abokai na jira a ɗauki bidiyo.