Cinikin Tsofaffin Kayayyaki ta Intanet a Tsakanin 'Yan Fansho

1.0 Gabatarwa

Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, matsaloli biyu kan tunkare shi: raguwar abin sawa a aljihu da kuma yawan zaman kashe wando. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila, ɗaya daga cikin hanyoyin da 'yan fansho suke bi don magance waɗannan matsaloli ita ce sayen tsofaffin kayayyaki da sake sayar da su ta intanet. Wannan babi zai yi bayanin rabe-raben waɗannan kaya da asalin kasuwarsu da yadda cinikin yake gudana, sannan ya nuna cewa sani da amana su ne babban jarin wannan sana'a.

2.0 Rabe-raben Tsofaffin Kaya

Ana iya kasa tsofaffin kaya gida uku. Kashi na farko shi ne gwanjo, wato kayan da aka yi amfani da su, ake sayensu saboda araha. Kashi na biyu shi ne kayan da, irin su agogon hannu da faifan garmaho da akwatin rediyo da tangaran, waɗanda ake nema saboda ingancinsu ko ƙarancinsu ko tuna baya. Kasuwar Etsy, alal misali, ba ta sanya kaya a wannan rukuni sai sun kai shekara 20. Kashi na uku shi ne kayan tarihi, waɗanda a dokar kwastan ta Amurka sai sun haura shekara 100. Bambancin a fili yake: gwanjo daɗewa kan rage masa farashi, amma kayan da daɗewar ce kan ƙara musu, domin da tsohuwar zuma ake magani.

3.0 Asalin Kasuwar

Tun kafin zuwan intanet ana wannan ciniki a kasuwanni irin su Portobello da ke Landan. A shekarar 1995 Pierre Omidyar ya buɗe wani shafin gwanjo a jihar Kalifoniya, wanda ya koma eBay a 1997. Daga cikin abubuwan da aka fara sayarwa a shafin har da wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, a kan dala 14 da santi 83. Wannan ya nuna cewa abin da wani ya raina yana da mai nemansa, in dai kasuwar ta yi faɗi. Daga baya aka kafa Etsy a 2005 a Amurka, da Vinted a 2008 a ƙasar Lituweniya.

4.0 Yadda Cinikin Yake Gudana

Ɗan fansho yakan fara da tarkacen gidansa. Daga nan sai ya riƙa zagaya kasuwannin ƙarshen mako da shagunan ƙungiyoyin agaji da gidajen da magada suke gwanjon kayan mamaci. In ya samo abu, sai ya binciki tambarin maƙerinsa da shekarunsa, ya ɗauki hotonsa, ya bayyana duk wani aibi da ke jikinsa, sannan ya yanka masa farashi ko ya bari masu saye su yi ta tayawa. Shafin kuma yakan cire la'adarsa, kamar yadda dillali yake yi a kasuwannin ƙasar Hausa.

Dattijo yana da fifiko a nan ta fuska biyu. Na farko, ya rayu da waɗannan kaya, don haka ya fi matashi iya bambance na ƙwarai da jabu. Na biyu, yana da lokacin jiran mai saye. Ban da wannan kuma, tun da cinikin biri a sama ake yi, mai saye ya dogara ne ga shaidar da masu saye na baya suka rubuta a kan mai kaya. Wanda ya ɓoye aibi sau ɗaya, shaidar za ta daɗe tana bin sa.

5.0 Haɗarin Sana'ar

Babban haɗari shi ne mutum ya zuba giratutinsa a kayan da bai sani ba. La'ada da kuɗin aikawa da fashewar kaya a hanya suna iya cinye riba, kuma kaya kan yi kwantai. Akwai kuma batun doka. A Birtaniya, wanda cinikinsa ya wuce fam 1,000 a shekara sai ya sanar da hukumar haraji, kuma daga Janairun 2024 aka wajabta wa shafukan ciniki tattara bayanan manyan masu sayarwa domin miƙa wa hukumar. Tun 2009 eBay ta hana cinikin hauren giwa. A Nijeriya ma, Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta haramta fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan sana'a tana ɗebe wa ɗan fansho kewa, tana kuma kawo ɗan abin cefane, muddin ya tsaya ga nau'in kayan da ya ƙware a kai, ya faɗi gaskiyar abin da yake sayarwa, kuma ya juya abin da in ya salwanta ba zai hana tukunyar gidansa tafasa ba.