Aminin Sarki Da Ya Zame Masa Ƙaya

A shekarar 1162 ne Sarki Henri na Biyu na Ingila ya yi wata dabara wadda ta juye masa. Kujerar Babban Bishop na Kantabari, shugaban coci na ƙasar, ta zama babu kowa, sai ya ɗora amininsa Tomas Beket a kai, da nufin coci ta dawo tafin hannunsa.

Shi Beket ɗan wani ɗan kasuwa ne na birnin Landan. Tun 1155 yake riƙe da hatimin sarki, kusan a ce waziri. Mutum ne mai son ado da farauta, har ya taɓa jan barade zuwa yaƙi a Tulus ta Faransa a 1159. Ko firist bai zama ba, sai ana gobe za a naɗa shi aka ba shi wannan matsayi.

Ashe sarki bai san amininsa ba. Da hawansa sai Beket ya mayar da hatimi, ya rungumi ibada. Rigimar ta taso ne a kan ma'aikatan coci masu aikata manyan laifuffuka: sarki yana so kotunsa ta hukunta su, Beket kuwa ya ce sai kotun coci, wadda ba ta yanke hukuncin kisa. A nan kam, a ganina, sarki yana da hujja, kuma taurin kan Beket ya gundiri har 'yan'uwansa bishop-bishop. A 1164 ya gudu Faransa, ya shekara shida.

Ya komo a Disamba 1170, bayan sulhun da bai kai zuci ba, ya ƙi janye hukuncin da aka ɗora wa bishop-bishop da suka naɗa ɗan sarki ba da shi ba. Labari ya iske Henri a Nomandi, ya yi faɗa cikin fushi. Barade huɗu suka ɗauki maganar a matsayin umurni, suka ƙetare teku, suka sare Beket da takubba cikin majami'arsa ranar 29 ga Disamba.

Gawar ta ci nasarar da mai ita ya kasa. Fafaroma ya sanya shi cikin waliyyai a 1173, kuma akasarin shari'un ma'aikatan coci suka ci gaba da zama a kotun coci. A 1174 Henri ya tako ba takalmi zuwa kabarin, ya tuɓe riga, sufaye suka yi masa bulala.