Rabon Aiki Tsakanin Aji da Intanet a Karatun Manya

Haɗa karatu daga nesa da zama gaban malami ba sabon abu ba ne. Jami'ar karatu daga gida ta Ingila, wadda ta soma koyarwa a 1971, ta dogara ga gidan waya da rediyo da talabijin, amma duk da haka takan tara ɗalibai na mako guda da bazara. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ita ma ta haɗa littafi da haɗuwa a cibiyoyin karatu. Intanet ta maye gurbin gidan waya, amma tambayar tana nan: wane aiki ne na aji, wane ne na gida?

Sau da yawa masu tsara darussa sukan amsa da lissafi, su ce rabi nan, rabi can. A ganinmu wannan kuskure ne. Ɗalibin da muke magana a kansa magidanci ne, watakila malamin firamare mai iyali da gona. Zuwansa aji ran Asabar ya ci masa kuɗin mota da yini guda. In ya zo ya tarar ana karanta masa abin da zai iya karantawa a ɗakinsa, lalle an zalunce shi, kuma da wuya ya dawo.

A ɗauki darasin karin sauti a Hausa. Bayanin bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, da muryoyin da aka naɗa, duk na gida ne, inda ɗalibi zai saurara sau goma ba da jin kunya ba. Amma sa alamar kari a kan jimla, a gaban malamin da zai ji inda kunnen ɗalibi ya kauce ya gyara nan take, wannan aikin aji ne. Haka kuma gwajin koyarwa.

Sa'an nan sai a lura da jeri. Ya kamata haɗuwar farko ta riga aikin intanet, domin manya ba su cika tambayar wanda ba su taɓa gani ba. Kayan gida kuwa su zama gajeru, waɗanda za a sauke a waya a karanta ko babu wuta, gama darasin bidiyo na sa'a guda ya fi ƙarfin aljihun mafi yawansu.