Yadda Ake Zaɓar Kyamarar Zafi Don Ƙirga Namun Daji Daga Jirgin Sama

Idan ka taɓa ganin FLIR One da ake maƙala wa waya, ko wayar CAT S60 da ta fito a 2016, to ka san kyamarar da ke ɗaukar hoton zafin jiki. Irinta masana ke ɗaurawa a ƙananan jirage kamar Cessna domin ƙirga namun daji.

Ƙidayar ba wasa ba ce. Babban binciken giwayen Afirka da aka fitar da sakamakonsa a 2016 ya ƙirga giwaye kusan 352,000 a ƙasashe 18, ya kuma nuna sun ragu da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014. Mutane ne suka yi ƙirgar da ido daga cikin jirgi, ido kuwa yana gajiya. Idan lissafi ya kuskure, masu kare daji za su kai kuɗi da ma'aikata inda bai kamata ba.

Ga abin da ake dubawa kafin a saya.

Na farko, nau'in kyamara. Kyamarar tsaro mai gani da dare sai ta haska fitilarta take gani, don haka ba za ta yi ba. Wadda ake buƙata ita ce mai kama zafin da jikin dabba ke fitarwa.

Na biyu, yawan fiksel. Ta waya fiksel ɗinta ba su da yawa, ta jirgi kuwa ana neman 640×512 zuwa sama. A tsayin mita 100, kyamara mai fiksel na maikiromita 17 da lens na milimita 25 za ta ga kusan santimita 7 a kowane fiksel, faɗin hoton kuma mita 43. Giwa za ta fito sarai, amma gada sai dai 'yan ɗigo.

Na uku, sauri. Jirgin da ke gudun kilomita 180 a awa yana cin mita 50 a daƙiƙa. Kyamara marar na'urar sanyaya tana ɗaukar kusan milisakan 10 kafin ta kama zafi, kafin nan jirgi ya matsa rabin mita, hoto ya yi dishi-dishi. Mai na'urar sanyaya ta fi sauri, sai dai tsada da nauyi.

Na huɗu, lambar NETD, wadda ke nuna ƙaramin bambancin zafin da kyamara ke iya ganewa. Nemi wadda ba ta kai 50 mK ba; ƙaramar lamba ta fi.

Na biyar, wurin ɗaurawa. Wannan zafin ba ya ratsa gilashin taga, shi ya sa ake yin lens ɗin da sinadarin jamaniyom. Dole a ɗaura kyamarar a waje ko ta wata kafa a ƙasan jirgi.

Ko kyamarar ta kai ta kawo, da tsakar rana duwatsu da ƙasa suna ɗaukar zafi har dabba ta saje da su, don haka da sassafe ake tashi. Ba ta gani ta cikin ganyen bishiya mai duhu, kuma ba kullum take bambanta ɓauna da saniya ba. Saboda haka a haɗa ta da kyamarar hoto ta yau da kullum da GPS, domin a tantance kowace dabba da inda aka gan ta.