Jirgin ƙasan Indiya ba a rufi ake hawansa ba

Na gaji da bidiyon nan da ake ta turawa a WhatsApp, na jirgin ƙasa da mutane suka yi wa caa kamar ƙudaje a kan mangwaro, an rubuta a ƙasa wai haka ake tafiya a Indiya. Kwanakin baya wani maƙwabcina ya kai maiɗakinsa Delhi ganin likita. Da aka ba su kwana goma kafin a sake duba ta, sai suka yi sha'awar zuwa Agra su ga Taj Mahal. Tafintansu ya nuna musu wannan bidiyon ya ce, "Alhaji, haka za ka jefa Hajiya a ciki?" Nan take suka ɗauki shatar mota, kuɗin da zai ishe su cin abinci na sati ya tafi a yini ɗaya.

To, a ji da kyau. Yawancin waɗannan hotuna daga Bangaladash suke, lokacin Sallah ko taron wa'azin shekara-shekara na garin Tongi. A Indiya hawa rufin jirgi laifi ne, kuma kusan duk manyan layukan dogonsu na lantarki ne, wayar da ke sama tana ɗauke da bolt 25,000. Wa zai miƙe tsaye a ƙarƙashinta? Cunkoso kam akwai shi, a jiragen cikin birnin Mumbai da ke kai mutane aiki, da taragon da ake kira General, wanda ba a keɓe wa kowa kujera. Amma ƙasar da jirginta na fasinja ya fara tashi tun 16 ga Afrilu 1853, daga Bombay zuwa Thane, wadda kuma take jigilar kusan mutum miliyan 20 kullum, ba za ta rasa inda za ta zaunar da magidanci da iyalinsa cikin mutunci ba. Agra ɗin da aka tsorata maƙwabcina da ita, jirgin Gatimaan yana zuwa daga tashar Hazrat Nizamuddin ta Delhi cikin kimanin minti 100, kowa da lambar kujerarsa.

Taragon hawa-hawa ne. Sleeper gado ne mai hawa uku da fanka, kuɗinsa wajen sulusin na 3A, wanda shi ma hawa uku ne amma da esi, kuma ana ba da zanin gado da bargo da filo. 2A hawa biyu ne da labule. Ni dai shawarata ga mai tafiya da iyali, ya tsaya a 3A. General kuwa kar ma ka fara, arha ba ta ado.

Dabarar talaka a nan ita ce tafiyar dare. Daga Delhi zuwa Mumbai ya kusa kilomita 1,400, jirgin Rajdhani yana cinye shi cikin awa 16 ko kusa da haka. Kun kwana a hanya, kuɗin otal na wannan daren ya tsira.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne tikiti. Ana buɗe sayarwa kwana 60 kafin tafiya a shafin sayar da tikitin jirgin, wato IRCTC, kuma gadaje na ƙarewa da wuri, musamman lokacin bikin Diwali da Holi. In ka ga WL a tikitinka, kana layin jira ne, ba ka da gado tukuna. RAC kuwa za ka shiga, amma gado ɗaya ku biyu. Ku sayi tikitinku a haɗe, lambar PNR ɗaya, don a ajiye ku wuri guda, ka roƙa wa uwargida gadon ƙasa, balle in marar lafiya ce. Ka duba sunan tasha sau biyu, domin Delhi kaɗai tana da New Delhi da Old Delhi da Nizamuddin da Anand Vihar. A bakin tashar New Delhi 'yan kamasho za su tare ka su ce an rufe ofishin tikiti, ko an soke jirginka, su ja ka shagon ɗan'uwansu. Ƙarya ce tsagwaronta. Wuce abinka ka tambayi ma'aikaci a ciki, ko ka kira lambar taimako ta jirgin, 139.

Ka tafi da sarƙa da kwaɗo ka ɗaure akwati a ƙarƙashin gado. Fasfo ya kwana a jikinka. Duk faram-faram ɗin abokin tafiya, kar ku karɓi shayi ko biskit daga hannunsa, domin hukumar jirgin da kanta tana gargaɗi kan masu sa banju a abinci. In kana shakkar yanka, nemi abinci mai koren ɗigo a jikin kwali, babu nama a ciki. Buta kuwa kowa ya san amfaninta. Disamba da Janairu hazo na rufe arewacin ƙasar, jirgi kan yi latti na awoyi, don haka kar ka kuskura ka dawo a daren da gobe za ku ga likita.

Bas kuwa na gajeren zango ne, irin Delhi zuwa Jaipur ko Bangalore zuwa Mysore. Na gwamnatocin jihohi sun fi sauƙin kuɗi da tsayawa a kan lokaci, ana kuma samun tikitinsu a manhajar redBus. Akwai na dare masu gadon mutum biyu da labule, sai dai gargada da hon ba sa barin marar lafiya ya runtsa. Sannan kafin ku isa gari, ka kira masaukin ka tabbatar suna karɓar baƙin waje, domin doka ta ce sai sun cike takardar sanar da hukuma, wasu ƙananan otal kuwa ba sa son wannan wahalar, sai su mayar da ku da kayanku tsakar dare.